Binciken Tarihin Bashi: Abin da Ake Dubawa Kafin a Ba Ka Waya Ka Biya Kaɗan-Kaɗan

Binciken tarihin bashi shi ne dubawar da mai ba da bashi yake yi a kan yadda mutum ya saba biyan abin da ake bin sa, kafin ya yanke shawarar ba shi ko hana shi. A da, mai neman rancen banki ko mai son sayen gida ko mota ne galibi yake cin karo da shi. Yanzu ya sauko har kan wayar hannu, domin tsadar sababbin wayoyi ta sa mutane da yawa ba sa iya biya a dunƙule, sai dai su karɓa su riƙa biya wata-wata. A takardun kamfanoni za ka ga kalmar kiredit tana yawo a wannan wuri. Ba katin kira ake nufi ba, bashi ake nufi, da kuma amincin da mutum ya samu wajen biyansa.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, sayen waya kashi-kashi bashi ne, ko da tallar ba ta furta kalmar ba. Kuma sau da yawa wanda ya miƙo maka wayar ba shi ne yake bin ka ba. Akwai banki ko kamfanin lamuni a bayansa, wanda ya biya shi kuɗinsa cif tun ranar farko, shi kuma ya zauna jiran naka. Lokacin da Apple ya fito da tsarin sabunta iPhone a Amurka a 2015, rancen wata 24 ne daga bankin Citizens, kuma sai bankin ya duba mutum ya amince kafin a ba shi waya. Kamfanonin sadarwa kuwa galibi da kansu suke ba da bashin. T-Mobile ne ya fara karya tsohuwar al'adar kwantiragin shekara biyu a Amurka a 2013, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi, sauran manyan kamfanonin suka bi sahu. Yau biyan wata 24 ko 36 ya zama ruwan dare a can.

Me ya sa ake tsananta bincike a kan abin da bai kai mota ko gida ba? Saboda waya ba jingina ce mai kyau ba. Gida ba ya gudu, mota tana da lamba da rajista. Waya kuwa tana shiga aljihu, ana iya sayar da ita a rana guda ko a tsallaka da ita wata ƙasa, kuma darajarta tana faɗuwa tun daga ranar da aka buɗe kwalinta. Idan mai saye ya daina biya bayan wata shida, ko an ƙwato wayar ba lallai ta rufe ragowar bashin ba. Don haka mai ba da bashin ya fi dogara da halin biyan mutum fiye da kayan da ya ba shi.

Tambayoyi uku yake son amsarsu. Shin kai ne da gaske? Wannan ne dalilin neman katin shaida, adireshi, wani lokaci da hoton fuska, domin masu amfani da sunan wasu su kwashi wayoyi suna da yawa. Shin kana da abin biya? A nan ake duba albashi ko shigar kuɗi da fitarsu a asusu. Ta ukun ita ce ainihin binciken da muke magana a kai: shin ka saba biya?

Amsar wannan tambaya tana hannun kamfanonin tattara bayanan bashi. Bankuna da masu ba da lamuni suna aika musu rahoto a kai a kai: wane ya karɓi kaza, ya biya a kan lokaci, ko ya yi jinkiri, ko ya gaza gaba ɗaya. Sanannu a duniya su ne Equifax, Experian da TransUnion, kuma ƙasashe da yawa suna da nasu. Sana'ar ta tsufa. Equifax ya soma ne a birnin Atlanta a 1899 da sunan Retail Credit Company. Na Jamus, wato SCHUFA, labarinsa ya fi kusa da batunmu: an kafa shi a Berlin a 1927, kuma tunaninsa ya samo asali ne daga kamfanin wutar lantarkin birnin, wanda yake sayar da kayan lantarki na gida kashi-kashi, yana la'akari da yadda mutum yake biyan kuɗin wutarsa kafin ya ba shi. Ashe tun da daɗewa wannan bincike tare yake tafiya da sayar da na'ura a biya a hankali. Wayar zamani sabon kaya ce kawai a tsohuwar hanya.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da maki. Wanda ya fi shahara shi ne FICO, na kamfanin da Bill Fair da Earl Isaac suka kafa a 1956, makin kuma ya fito a 1989. Yana tashi daga 300 zuwa 850. Kamfanin da kansa ya bayyana nauyin kowane ɓangare: kashi 35 cikin 100 biya a kan lokaci, kashi 30 yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 daɗewar tarihinsa, kashi 10 sababbin basussukan da ya nema, kashi 10 kuma ire-iren bashin da ya taɓa riƙewa. A lura da abin da ba ya ciki: albashi ba ya ciki, dukiya ba ta ciki. Attajiri mai taurin bashi yana iya samun maki ƙasa da na ƙaramin ma'aikacin da bai taɓa tsallake ranar biya ba. Wasu ƙasashen suna da ma'auninsu daban da lambobinsu daban, amma ginshiƙin ɗaya ne, wato abin da ka yi jiya shi ake hasashen gobenka da shi.

Binciken iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da amfani ga mai saye. Akwai na sama-sama, wanda ake yi don a gaya maka ko akwai alamar za ka dace. Wannan ba ya taɓa makinka, sauran masu ba da bashi ma ba sa ganinsa, haka nan idan kai ka duba rahotonka da kanka. Akwai kuma mai zurfi, wanda ake yi idan ka nemi bashin a hukumance. Shi yana barin sawu. A Amurka yana zama a rahoton mutum shekara biyu, FICO yana lissafa shi na wata 12, kuma ga yawancin mutane ragin da yake yi bai kai maki biyar ba. Guda ɗaya ba abin damuwa ba ne. Matsalar ita ce wanda aka hana a wuri ɗaya, cikin fushi ya shiga na biyu da na uku da na huɗu a mako guda. Ga na'urar da ke lissafi, wannan alama ce ta mutumin da kuɗi suka yanke masa, sai kowace ƙofa ta ƙara tauri. Kafin ka sa hannu ko ka danna yarda, hakkinka ne ka tambayi wane irin bincike za a yi.

Yanzu ga inda nake ganin mutane suka fi ruɗuwa, wato kalmar "an amince". Mai saye yakan ɗauke ta kamar sakamakon jarrabawa, ko an ci ko an faɗi. Alhali amincewa matakai gare ta. Wanda tarihinsa ya yi kyau ana ba shi wayar ba tare da kafin alƙalami ba. Na tsakiya ana ba shi, amma sai ya ajiye wani kaso tun farko. Na ƙasa ana iya cewa ya ajiye kaso mai yawa, ko a taƙaita masa tsadar wayar da zai ɗauka ko yawan layukan da zai buɗe, ko a ɗora masa kuɗin ruwa mai nauyi, ko a ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Dukkansu "an amince" aka ce musu. Shi ya sa a ƙarƙashin tallar "ɗauki waya ba ka biya komai yau ba" za ka tarar da ƙananan rubutu suna cewa wannan na waɗanda suka cika sharuɗɗa ne sosai. Murnar jin an amince tana sa mutum ya daina karatu daidai lokacin da ya fi buƙatar karantawa.

A ɗauki misali da lambobi zalla. Waya tana kan 100 idan za a biya nan take. An amince maka a kan ka ajiye 20, sannan ka riƙa biyan 9 kowane wata har wata 12. Tara a wata ba ta da nauyi a kunne. Amma jimillar abin da za ka biya 128 ne, wato ƙarin 28 a kan bashin 80 kacal. Kuma tunda bashin yana raguwa kowane wata, ba ka riƙe 80 ɗin shekara guda cur ba, ainihin kuɗin ruwan ya kusa kashi 60 cikin 100 a shekara. Lambar da ta kamata a nema ke nan: jimillar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a ajiye ta kusa da farashin biya nan take. Ko tsarin da aka ce babu kuɗin ruwa a cikinsa yana da nasa igiyoyin. Kamfanonin sadarwa sukan rarraba rangwamen da suka yi alkawari a tsawon watannin biya, idan ka bar su kafin wa'adi sai ragowar rangwamen ya tafi, ragowar kuɗin wayar kuma ya hau kanka a dunƙule. Da yawansu kuma ba sa buɗe wayar ta karɓi layin wani kamfani sai an gama biya.

To, wanda bai taɓa cin bashi a hukumance ba fa? Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne yake shiga rajista ba. Matashin da ya fara aiki, baƙon da ya sauka sabuwar ƙasa, ɗan kasuwar da duk harkarsa hannu da hannu ce, waɗannan idan aka bincika sai a tarar da shafi fari. Na'ura ba ta ɗaukar farin shafi a matsayin shaidar kirki, tana ɗaukarsa a matsayin rashin sani, rashin sani kuwa haɗari ne a wurinta. Wannan rashin adalci ne na gaske a cikin tsarin, domin mutum yana iya shekara ashirin yana cika alkawari ba tare da ko ɗaya ya shiga lissafi ba.

Don irin waɗannan mutane aka samo wata dabara: a mayar da wayar kanta jingina ta hanyar kulle. Kamfanoni irin su M-KOPA, wanda ya soma a Kenya a 2011 da kayan wutar sola kafin ya shiga harkar waya, da PayJoy da aka kafa a Amurka a 2015, suna sa manhaja a cikin wayar. Idan an biya tana aiki, idan ranar biya ta wuce sai ta kulle har sai an biya. Samsung ma yana da Knox Guard da masu ba da bashi suke amfani da shi don wannan aiki. Ba na raina wannan hanya, domin ta sa waya a hannun mutanen da banki ba zai ko saurare su ba. Amma duk inda aka rubuta "ba a buƙatar binciken bashi", a sani cewa haɗarin bai ɓace ba, an sa shi ne a cikin farashi da kafin alƙalami da kulle. Kuma kullen yana da zafi ta wata fuska: wanda sana'arsa take cikin wayar, ranar da ya kasa biya ita ce ranar da ake rufe masa hanyar samun abin da zai biya da shi.

Idan an hana ka, kada ka ɗauka an zagi mutuncinka, kuma kada ka ɗauka na'urar ba ta kuskure. Wani bincike da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren nasu ya kai ya sa a tsananta musu sharuɗɗan bashi. Bashin da aka riga aka biya amma ba a goge ba, suna iri ɗaya da na wani, tsohon adireshi, duk suna jawo haka. Dokar Amurka ta 1970 a kan rahoton bashi ta wajabta a sanar da wanda aka hana wane kamfani ne ya ba da rahoton, kuma yana da kwana 60 ya nemi kwafinsa kyauta, ya ƙalubalanci abin da ba daidai ba. A Turai, kotun Tarayyar ta yanke hukunci a watan Disamba na 2023, a shari'ar da ta shafi SCHUFA, cewa fitar da maki shi kansa hukunci ne na na'ura idan mai ba da bashi ya dogara da shi sosai, don haka yana ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane. Ko tabon rashin biyan da ba kuskure ba ne, ba ya dawwama a rahoto: yawanci shekara bakwai ne a Amurka, shida a Birtaniya.

Wani abin da nake jan kunne a kai ƙwarai shi ne karɓa wa wani waya da sunanka saboda shi an hana shi. Niyyar taimako ce, amma a takarda kai kaɗai ake bi. Idan ya yi jinkiri, rahotonka ne zai ɓaci, kuma wataƙila ba za ka sani ba sai ranar da ka je neman naka bashin.

Akwai kuma tambayar da ba kasafai masu saye suke yi ba, ga ta da muhimmanci: shin kamfanin yana kai rahoton biyan da aka yi a kan lokaci, ko sai na gazawa kawai? A Birtaniya kwantiragin waya yakan bayyana a rahoton mutum wata-wata, don haka mai biya da kyau yana gina tarihinsa da shi. A Amurka kuwa kamfanonin sadarwa da yawa ba sa kai rahoton biya mai kyau, amma idan bashi ya gagara suka miƙa shi ga masu karɓar bashi, yana iya fitowa a rahoto. Ga wanda ya shiga tsarin da fatan cike farin shafinsa, amsar wannan tambaya ce za ta nuna masa ko biyan wata 24 zai amfane shi a wurin mai ba da bashi na gaba, kuma a rubuce ya kamata ya nemi amsar kafin ya karɓi wayar.