Ma'aikatan Cikin Jirgin Sama

Ma'aikatan cikin jirgin sama su ne maza da matan da kamfanin sufuri ke ɗauka domin kula da fasinjoji tun daga shigarsu jirgi har saukarsu. Aikinsu daban ne da na matuƙa, waɗanda ke can gaba a ɗakin tuƙi. Abin da fasinja ya fi gani daga gare su shi ne fara'a a bakin ƙofa, da nuna wa mutum kujerarsa, da turo keken abinci da shayi, shi ya sa mutane da dama ke yi musu kallon masu rabon abinci kawai. A wurin doka kuwa, ma'aikatan kare rayuka ne. Jirgi na iya tashi babu ko ruwan sha a cikinsa, amma ba a yarda ya ɗaga da fasinja ba muddin adadin waɗannan ma'aikata bai cika ba.

Asalin aikin

Mutumin da aka fi sani a matsayin na farko a wannan sana'a Bajamushe ne mai suna Heinrich Kubis. Ya fara aiki a 1912 a cikin irin jirgin nan mai kama da ƙatuwar balan-balan da ake kira Zeppelin, kuma shi ne shugaban masu hidima a jirgin Hindenburg ranar da ya kama da wuta a Amurka a 1937. Ya tsira da ransa.

Shigowar mata ta faru ne a 1930. Ellen Church, wata ma'aikaciyar jinya 'yar jihar Iowa wadda ta koyi tuƙin jirgi, ta nemi aiki a kamfanin Boeing Air Transport. Ba su yarda su ba mace tuƙi ba, sai ta kawo musu wata shawara: a sa ma'aikatan jinya a cikin jirage, domin a wancan zamani jirgi ƙasa-ƙasa yake tafiya cikin iska da hadari, amai da fargaba kuwa sun zama ruwan dare. Ganin mace tana kai da kawo a ciki hankali kwance zai sa mazan da ke tsoro su ji kunya su hau. Kamfanin ya ɗauki mata takwas, kuma ranar 15 ga Mayu 1930 Church ta fara aiki a jirgin da ya tashi daga Oakland zuwa Chicago, tafiyar awa 20 da ake yada zango sau 13.

Sharuɗɗan sun yi tsauri. Dole mace ta kasance ma'aikaciyar jinya, ba ta da aure, ba ta wuce shekara 25 ba, nauyinta kada ya haura kilo 52, tsayinta kuma kada ya wuce santimita 163. Albashin dala 125 ne a wata. Ban da kula da fasinja, su ke ɗaukar kaya, su ɗaure kujerun da suka kwance, wani lokaci har da taya zuba mai da tura jirgi cikin rumfarsa. A Turai, Nelly Diener ta kamfanin Swissair ce ta fara a 1934, ta kuma rasu a hatsarin jirgi a watan Yulin shekarar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe ma'aikatan jinya zuwa fagen daga, sai aka yar da sharaɗin jinya. Sauran sharuɗɗan kam sun daɗe. Har cikin shekarun 1960 kamfanonin Amurka na sallamar mace da zarar ta yi aure ko ta kai shekara 32 ko 35, suna kuma tallata jiragensu da kyawun 'yan matan da ke ciki. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta ba ma'aikatan makamin kai ƙara, aka yi ta rushe waɗannan ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya. A 1971 wata kotu ta yanke hukunci a kan kamfanin Pan Am cewa ba shi da hurumin ƙin ɗaukar namiji don kawai shi namiji ne.

Adadi da horo

A Amurka da Turai da ƙasashe da yawa, jirgin da ya haura kujera 19 dole ya ɗauki ma'aikacin ciki, kuma lissafin da aka fi bi shi ne mutum ɗaya ga kowace kujera 50. Jirgin Boeing 737 mai kujera 189 ke nan yana buƙatar aƙalla huɗu. Manyan kamfanoni kan ƙara a kan haka saboda hidima, musamman a sashen masu tikiti mai tsada.

Wannan lissafi yana da alaƙa da ƙa'idar daƙiƙa 90. Kafin a amince wa sabon babban jirgi ya fara jigila, sai masu ƙera shi sun nuna cewa za a iya fitar da kowa da kowa cikin minti ɗaya da rabi, cikin duhu, rabin ƙofofin kuma a toshe. Da aka gwada Airbus A380 a Hamburg a watan Maris 2006, mutum 873 suka fice cikin daƙiƙa 78 ta ƙofofi takwas daga cikin 16. Mutum ɗaya ya karye a ƙafa wajen sulalowa kan tsanin roba na gaggawa.

Horon farko kan ɗauki makonni, kuma kaso mafi tsoka nasa ba ya da alaƙa da abinci. Ana koyon buɗe kowace irin ƙofa, da kashe wuta cikin hayaƙi, da hawa kwale-kwalen roba a ruwa, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da karɓar haihuwa, da ɗaure fasinjan da ya fi ƙarfin lallashi. Ana kuma koyon tsawa. Muryar nan mai laushi da ke tambayar mutum kaza yake so ko kifi, ita ce aka horar ta koma umarni gajere mai ƙarfi idan ta ɓaci: kwance bel, bar kaya, zo nan, yi tsalle. Duk shekara sai an sake jarrabawa, kuma izinin aiki na kowane samfurin jirgi daban ne.

Yadda tafiya ke gudana

Kafin fasinja ya ga jirgi, ma'aikatan sun riga sun yi zama da shugabansu, an raba wa kowa ƙofarsa. Suna shiga sai duba kaya: tukwanen kashe gobara, tulunan oksijin, akwatin magani, fitilun hannu, rigunan ruwa a ƙarƙashin kujeru. Gaisuwar bakin ƙofa ma aiki ce. Da ita ake gane wanda ya sha ya yi tatul, da marar lafiyar da ke ɓoye ciwonsa, da tsohuwar da za ta buƙaci a riƙe ta, da ƙaƙƙarfan da za a iya neman taimakonsa. Shi ya sa ba a barin yaro ko mai rauni ya zauna a layin ƙofar gaggawa.

Da an rufe jirgi, kowane ma'aikaci zai juya wani hannu a jikin ƙofarsa wanda ke ɗana tsanin roba da ke naɗe a cikinta, abokin aikinsa kuma ya zo ya tabbatar. Daga wannan lokaci, duk wanda ya buɗe ƙofar daga ciki, tsanin zai kumbura ya miƙe har ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ƙananan umarnin da ke gundurar fasinja kowanne da dalilinsa. Ana miƙar da kujera a naɗe teburi domin na baya ya sami hanyar fita. Ana ɗaga murfin taga domin a ga ɓangaren da wuta take kafin a buɗe ƙofa. Ana rage fitila a tashi da saukar dare domin ido ya saba da duhu tun da wuri. Batun mutum ya fara sa wa kansa takunkumin oksijin kafin ɗansa kuwa, wanda ke yi wa iyaye nauyi a kunne, lissafi ne tsagwaronsa: a tsayin ƙafa 35,000, idan iskar ciki ta zurare, mutum na da daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin hankalinsa ya gushe. Oksijin ɗin kansa na kimanin minti 12 ne zuwa sama, daidai lokacin da matuƙi zai sauko da jirgi inda ake iya numfashi.

Abinci da zaman ciki

Ba a girki a jirgi. A ƙasa ake dafawa, a sanyaya, a loda, ma'aikata su ɗumama a tanda. Idan fasinja ya ji abincin salam, ba laifin mai dafawa ba ne kaɗai. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ga ta a bushe ƙamas kamar tsakiyar hunturu, abin da ke dakushe hanci da harshe, gishiri da zaƙi su ragu a baki. Canjin matsin iskar ne kuma ke toshe kunne wajen sauka, shi ya sa jarirai ke tsala kuka a lokacin, ma'aikata kuma kan shawarci uwa ta ba da nono, tunda haɗiya na buɗe kunnen.

Mai buƙatar abinci na musamman, na halal ko na mai ciwon sukari ko na wanda ba ya cin nama, yakan nema kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Wasu kamfanoni, kamar Saudia, ba sa raba giya sam. Taba kuwa a da ana zuƙarta a jirgi kamar a tasha, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan ciki, waɗanda su ne ke wuni cikin hayaƙin, suna sahun gaba wajen yaƙar ta. Amurka ta hana a gajerun tafiye-tafiye a 1988, ta kammala hanawa a 2000. Duk da haka har yau akwai mazubin tokar taba a jikin ƙofar bayi, don wanda ya karya doka ya sami inda zai kashe ta maimakon kwandon takardu.

Darussan da aka saya da rayuka

Ranar 19 ga Agusta 1980 wuta ta tashi a jirgin Saudia jim kaɗan bayan ya bar Riyad zuwa Jidda. Matuƙin ya juyo ya sauka lafiya, amma bai tsaya nan take ba, ba a kuma buɗe ƙofa ko ɗaya daga ciki ba. Duk mutum 301 da ke ciki hayaƙi ya kashe su a kan titin jirgi.

A Kegworth ta Ingila, ranar 8 ga Janairu 1989, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, matuƙa suka kashe na dama bisa kuskure. Akwai ma'aikata da fasinjojin da suka ga tartsatsin wuta a hagu, amma aka yi shiru, a zaton na gaba sun fi kowa sani. Mutum 47 suka mutu. Wannan na cikin haɗurran da suka sa aka fara haɗa matuƙa da ma'aikatan ciki a horo ɗaya, ana koya wa na ƙasa ya faɗi abin da ya gani ko da kyaftin ne zai musanta.

Gargaɗin kada a hura rigar ruwa sai an fita shi ma yana da tarihinsa. A Nuwamba 1996 'yan fashi suka karkatar da jirgin Ethiopian Airlines da ya taso daga Addis Ababa, wanda Legas na cikin zangonsa, har mai ya ƙare ya faɗa teku a gaɓar tsibiran Komoros. Daga cikin mutum 175, 125 suka mutu, da yawansu saboda sun hura rigunansu tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya manne da rufi suka kasa nutsawa su fita.

Akwai kuma ranakun da horon ya yi rana. Neerja Bhanot, 'yar Indiya mai shekara 22, ita ce shugabar ma'aikata a jirgin Pan Am da 'yan bindiga suka kama a Karachi a Satumba 1986. Ta yi saurin sanar da matuƙa har suka tsere, jirgin ya kasa tashi, ita da abokan aikinta suka ɓoye fasfo ɗin Amurkawan da ake nema, aka harbe ta tana fitar da mutane. Ranar 2 ga Janairu 2024 kuma wani Airbus A350 na Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo ya kama da wuta. Na'urar sanarwa ta mutu, ma'aikata suka koma ga lasifikar hannu da maƙogwaro, ƙofofi uku kacal cikin takwas suka buɗu lafiya, amma duk mutum 379 suka fita da rai. A hotunan da aka ɗauka, da wuya a ga mai jan jaka.

A Najeriya da maƙwabta

Tsofaffin matafiya na tuna Nigeria Airways mai tambarin giwa da fikafikai, wanda ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003, da Air Afrique mai hedikwata a Abidjan, wanda Nijar da Chadi ke cikin ƙasashen da suka mallake shi har ya durƙushe a 2002. A yau Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, na cikin wuraren da ke horar da ma'aikatan ciki, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, kuma ita ke ba su lasisi. Najeriya ce kuma ƙasa ta 22 da ta amince da yarjejeniyar Montreal ta 2014 kan hukunta fasinja mai tayar da hankali, amincewar da ta cika adadin da ake buƙata har yarjejeniyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020.

Inda aikin ya fi fito da kamanninsa a ƙasar Hausa shi ne jigilar alhazai daga Kano, Sakkwato, Kaduna ko Yamai. Jirgi ne cike da dattawa, da yawansu ranar suka fara taka matakalarsa, kuma ba Turanci ko Larabci suke ji ba. Ma'aikacin da ke jin Hausa a irin wannan tafiya ya fi ƙarfin ado. Shi zai durƙusa ya ce "Baba, kawo in ɗaura maka," ya nuna wa Hajiya yadda ake kulle ƙofar bayi, ya roƙi masu alwala kada su jiƙa ƙasa domin akwai wayoyi a ƙarƙashinta, ya lallashi mai son tsayawa sallah a hanya ya jira gargada ta lafa. Idan kuma jirgin Jidda ya nufa kai tsaye, akan sanar tun da sauran lokaci cewa an kusa daidaita da miƙati, domin masu harami su yi niyya kafin a wuce.