Kuɗin bida da rumbun gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kuɗin bida, wato waɗanda ƴan cin rani ke aikowa gida, suna maganin yunwa?

Suna rage ta. Ba su kashe ta.

Me ya sa ba za a zauna a yi noma kawai ba?

Da wace gonar? Daminar Adar, yankin Tawa a Nijar, wata uku ce zuwa huɗu, kuma gonar da uba ya noma shi kaɗai yau ƴaƴa biyar ne a kanta. A 2005 akwai hatsi a kasuwa, kuɗin awo ne babu. Mai ɗa a Abijan ya auna tiya, wanda ba shi da kowa ya koma ga anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci.

Ƙosai da ƙuli-ƙulin mata ma sana'a ce?

Haba malam! Wa kake tsammani ke sayen gishiri da daddawa tun da ka tafi?

In dawo shuka, ko in zauna in riƙa aikowa?

To, wannan ita ce tambaya. Ya danganta da wanda ka bari a gida. In akwai ƙane ko babban ɗa mai riƙe hauya, kuma aikinka tsayayye ne, zama na iya fi, in dai kuɗin za su iso kafin noman fari a biya ƴan barema. In mata da tsoho kaɗai ka bari, ni dai na fi son ka dawo, ko da hannunka bai cika ba. Haki ba ya jiran saƙo. Na ga gidan da kuɗi suka zo a watan Agusta: gero ya riga ya yi ja a cikin ciyawa, maigidan kuwa ya yi kwana goma yana noman gonar wani don abin tuwon dare.

Amma ko ka zauna, lokaci ya fi yawa muhimmanci. Jika ashirin da kaka ba ɗaya take da jika ashirin a tsakiyar damina ba, sa'ad da tiya ta hau. Aiko da wuri a sayi hatsi yana araha, kada a saida na rumbu don biyan bashi. Sai dai in damina ta ƙi baki ɗaya. Nan kam wanda ya zauna can wurin bida ne zai riƙe gidan, kuma ba mai sanin haka a watan Yuni.

An ce kunya ce dawowa hannu rabbana.

Ba kunya ba ce. Dawo.

Babur ko buhun hatsi?

In kabu-kabu za ka yi tsakanin Tawa da ƙauye, saya. In na zuwa biki ne, kada ka sake tambaya ta.