Mai nakasa mai tsanani da neman aiki: kar a ce sai ya gama koyo

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyaye da yayye da duk wanda ke ɗawainiya da mai nakasa mai tsanani a gida. Aikina shi ne bibiyar masu irin wannan lalura bayan an sallame su daga asibiti, kuma akwai tambayar da kusan kowace uwa sai ta yi min in muka zauna, wai malam yanzu shi wannan yaron haka zai ƙare a ɗaki kenan? Yaron da ake magana a kansa kuma sai ka ga ya haura shekara ashirin, ya gama makarantar da zai iya yi, magani yana sha, jiki da sauƙi, amma daga tabarma sai gaban talabijin. Toh maganar da nake so mu yi yau ita ce ta ƙungiyoyin nan masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, waɗanda aikinsu shi ne sama wa irin waɗannan mutane aikin yi, da yadda za ku gane ta ƙwarai a cikinsu.

In na ce nakasa mai tsanani ina nufin kamar wanda ya samu rauni a laka ƙafafu ko har hannuwa suka shanye, ko makaho wanda kuma ba ya ji sosai, ko mai jinkirin fahimta tun haihuwa, ko mai taɓin hankali da ya daɗe yana kai da komo, ko mai farfaɗiyar da take yawan tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai nauyi, wato kashi 16 cikin ɗari, kusan mutum ɗaya cikin shida. Kuma a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 27 kacokan a kan aiki yake, aikin da mutum ya zaɓa da kansa a cikin jama'a.

Yadda aka saba yi a da, kuma har yanzu wasu na yi, shi ne a tara su wuri guda a ce ana koya musu aiki, yau ninke kwali gobe ƙirga kusoshi a zuba a leda, ana cewa in ya ƙware za a nema masa aiki a waje, sai shekara ta zagayo a ce bai shirya ba tukuna, wata shekarar ma haka, ka ga mutum ya yi shekara goma yana shiri. Matsalar kuwa a fili take ga duk wanda ya taɓa koyar da mai jinkirin fahimta, abin da ya koya a ɗakin horo ba lallai ya iya ɗaukarsa ya kai wani wurin ba, ya iya goge teburin nan amma in ka kai shi wani gini mai wani irin teburi da wani irin tsumma sai ka ga kamar bai taɓa yi ba. Shi ya sa aka juya abin, a fara samo aikin na gaske tukuna sannan a bi shi can a koya masa a bakin aikin, da kayan wurin, tare da mutanen wurin.

Tun a shekarun 1970 wani malami a Amurka mai suna Marc Gold ya nuna wa mutane abin da ya ba su mamaki, ya ɗauko waɗanda aka yanke musu hukuncin ba za su iya koyon komai ba ya koya musu haɗa birkin keke mai ƙananan ɓangarori da yawa, ta hanyar rarraba aikin ɗan mataki ɗan mataki, kuma ra'ayinsa shi ne in ɗalibi bai gane ba to mai koyarwa ne zai sake dabara. Ni wannan ne ma'aunina na farko. In kun je ƙungiya suka yi wa yaronku gwajin awa ɗaya a ofis suka ce ba zai iya aiki ba, ku yi musu godiya ku nemi wata.

Ta ƙwarai za ku ga ba ta gaggawar yanke hukunci, ma'aikacinta zai zo gida ya zauna, ya ga me mutumin yake yi da kansa ba tare da an sa shi ba, ƙarfe nawa jikinsa ya fi sakewa, hayaniya tana damunsa ko a'a, yana son mutane ko ya fi son a bar shi shi kaɗai, kuma shi za a tambaya ba ku kaɗai ba ko da da hannu yake magana ko da hoto. Iyaye ku yi haƙuri da wannan, na san kun saba amsa masa tambaya tun yana ƙarami amma ranar nan ku ɗan ja baki, sau da yawa abin da zai ce yana so ba shi kuke zato ba.

Daga nan sai su shiga neman mai ɗaukar aiki, kuma nan ne gwanintar take. Ba wai su ɗauki takardar neman aiki su jefa cikin ɗaruruwa ba don a intabiyu ba zai ci ba, a'a zuwa suke su kalli kamfani ko asibiti ko otal su ga waɗanne ƙananan ayyuka ne ke cinye lokacin manyan ma'aikata, misali nas da ke ɓata awa guda kullum tana cika durowa da safar hannu da bandeji, ko akawun da takardu suka taru masa ba a shigar a kwamfuta ba, sai a tattara waɗannan a yi gurbin aiki guda daidai da mutumin, kowa ya amfana. Haka wani shiri mai suna Project SEARCH ya faro a 1996 a asibitin yara na Sinsinati a Amurka, wata nas mai suna Erin Riehle da ke shugabantar sashen gaggawa ta ga irin waɗannan ayyukan kullum ana ɗaukar mutane suna gudu, ta ce me zai hana a horar da matasa masu jinkirin fahimta a kansu, yanzu tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama, matashi yana zagaya sassa uku a cikin shekarar karatu ɗaya a ainihin wurin aikin.

Sai kuma koci, wato ma'aikacin ƙungiyar da ke raka shi wurin aiki. Satin farko yana iya wuni tare da shi, ya tsara masa aikin a hotuna, ya saita masa ƙararrawar waya ta hutu da ta shan magani, ya koya masa hanyar zuwa da dawowa, ya nuna wa abokan aiki yadda za su yi masa bayani a gajarce. Amma abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne kocin kirki janyewa yake yi a hankali, daga wuni zuwa rabin wuni zuwa leƙowa sau ɗaya a sati, har ya zama in yaro ya rikice wanda ke kusa da shi zai tambaya kamar kowa. Na ga iyayen da suka tayar da hankali wai an yasar musu da yaro, alhali ci gaban kenan. Kocin da ya yi wata shida yana tsaye a kan mutum yana ma taya shi aikin, gaskiya ya zama katanga tsakaninsa da jama'a.

Ga masu taɓin hankali kuma akwai tsarin da Deborah Becker da Robert Drake suka gina a jihar New Hampshire ta Amurka a farkon shekarun 1990, ana kiransa IPS, wato sama wa kowane mutum aikin da ya dace da shi tare da ci gaba da tallafa masa. Ƙa'idarsa ta farko duk wanda ya ce yana son aiki ba a mayar da shi saboda sunan ciwonsa ko don an taɓa kwantar da shi, kuma cikin kamar wata ɗaya za a fara tuntuɓar masu ɗaukar aiki, mai nema masa aikin da likitocinsa kuma tawaga ɗaya suke. An gwada shi sau da yawa a ƙasashe daban daban aka ga waɗanda suka bi ta nan suna samun aiki kusan ninki biyu na waɗanda aka tsaya yi wa dogon horo tukuna. Da yawa ana tsoron aiki zai tayar da ciwon, amma zaman kaɗaici ba abin yi shi ma ba ƙaramin tayar da shi yake ba, wannan kam na gani da idona.

Yanzu maganar kuɗi, wadda mutane ke jin nauyin tambaya. Ku tambaya kai tsaye nawa za a biya shi, kuma daidai yake da na wanda ke irin aikin ba tare da nakasa ba? Don ba kowace ƙungiya mai sunan taimako ce ke biyan haƙƙi ba. A Amurka dokar ƙwadago ta 1938 ta ba da damar a biya mai nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi in an samu takardar izini, kuma an daɗe ana rigima a kai, jihar Vermont ta rufe wurin aikinta na ƙarshe da aka keɓe wa masu nakasa kaɗai tun 2002. A wannan shekarar ta 1938 ne kuma aka yi dokar da ta sa gwamnatin Amurka sayen kayan da makafi suka yi kamar tsintsiya da abin goge ƙasa, a 1971 aka faɗaɗa ta ta haɗa da sauran masu nakasa mai tsanani, shi ne shirin da yanzu ake kira AbilityOne, ƙungiya tana samun kwangilar gwamnati da sharaɗin kashi 75 cikin ɗari na awannin ainihin aikin masu nakasa ne suka yi, kuma sai a 2022 aka hana biyan ƙasa da mafi ƙarancin albashi a kwangilolin shirin. A Birtaniya masana'antun Remploy da aka kafa don masu nakasa bayan yaƙin duniya na biyu an rufe na ƙarshensu a 2013, wasu sun yi murna wasu ma'aikatan kuma sun yi kuka don nan ne abokansu suke, ni ban raina kukan nan ba, wurin da aka keɓe ya fi zaman ɗaki nesa ba kusa ba, abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce iyakarsa kenan. Jamus kuma nata salon daban ne, kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye sai kashi 5 cikin ɗari sun zama masu nakasa mai tsanani ko ya biya kuɗin fansa. In mutum yana karɓar wani tallafi daga gwamnati ku tambaya tun kafin ya fara ko albashi zai taɓa tallafin, ƙungiyar da ta san aikinta tana da mai yi muku wannan lissafin.

Ta ɓangarenmu na lafiya kuwa dan Allah kar a ɓoye abin da zai iya zama haɗari. Mai zama a keken guragu wanda ba ya jin ƙasan jikinsa dole a ba shi damar ɗaga jiki ko sauya zama akai akai kuma a riƙa duba fatar kullum, in ba haka ba gyambon zama zai kwantar da shi watanni aikin ya tafi. Mai farfaɗiya a nisanta shi da hawa sama da injin da ke yanka da aikin dare mai hana barci, kuma aƙalla mutum biyu a wurin su san abin yi in ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kar a danne shi kar a cusa masa cokali ko wani abu a baki, in ta lafa a juya shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a nemi agajin gaggawa. Sauran bayanan ciwonsa kuwa sirrinsa ne, shi zai zaɓi abin da oga zai sani, ba sai an kai fayil ɗin asibiti ofis ba. Masu kamfani kuma da ke tsoron kashe kuɗi, yawancin gyaran da ake buƙata sauya lokacin shigowa ne ko ɗaga teburi ko rubuta umarni a takarda maimakon faɗa da baki.

A fara da awa kaɗan, ko uku ne a rana sau uku a sati, jiki ya saba sannan a ƙara. Kuma ku sa a ranku aikin farko yana iya ƙin yiwuwa, a sallame shi ko shi ya ce ya gaji, wannan yana faruwa da kowa. Don haka kafin ku sa hannu a kowace takarda ku tambaye su, in wannan aikin ya lalace bayan wata uku za ku dawo ku nema masa wani ko kun rufe fayil ɗinsa kenan, sannan ku ce su faɗa muku cikin waɗanda suka sama wa aiki bara mutum nawa ne har yau suke zuwa.