Ilimin Kariya daga Cutar HIV a Gidajen Tsare Yara

Ilimin kariya daga cutar HIV a gidajen tsare yara shi ne koyarwa da shawara da gwajin jini da ake tanadar wa matasan da kotu ko 'yan sanda suka tsare, domin su san yadda ƙwayar da ke haddasa ƙanjamau take yaɗuwa da yadda za su kare kansu. Ana gudanar da shi a gidajen kangararrun yara da wuraren jiran shari'a da makarantun gyaran hali. Masana lafiyar al'umma sun ɗauke shi da muhimmanci saboda yawancin yaran da ke shiga waɗannan gidaje sun bar makaranta tun da wuri, ba su da likita, kuma zaman tsarewar ne karo na farko da wani ma'aikacin lafiya zai zauna ya saurare su.

Dalilin ware su

Binciken da aka fi ambato a wannan fanni shi ne na Farfesa Linda Teplin ta Jami'ar Northwestern a Amurka. Tsakanin 1995 da 1998 ita da abokan aikinta suka tattauna da matasa 1,829, 'yan shekara 10 zuwa 18, a gidan tsare yara na gundumar Cook da ke Chicago, suka kuma ci gaba da bin rayuwarsu har suka girma. Sun gano cewa kusan dukkan waɗanda aka tambaya kan wannan batu sun riga sun faɗa cikin halaye masu haɗari fiye da ɗaya, kamar saduwa ba kwaroron roba, ko saduwa cikin maye, ko yawan abokan kwanciya. 'Yan mata da dama kuma an yi musu fyaɗe tun suna ƙanana, abin da ke nuna cewa haɗarin nasu sau da yawa ba zaɓinsu ba ne.

A cikin gidan ma haɗari bai ƙare ba. Cunkoso da haɗa ƙanana da manya a ɗaki ɗaya suna buɗe ƙofar cin zarafi, ga karɓa-karɓar reza da allurar zanen jiki.

Abin da ake koyarwa

Darasin kan fara da hanyoyin kamuwa: jini, saduwa, allurar da aka yi tarayya a kanta, da uwa zuwa jariri lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Daidai da haka ake nanata abin da ba ya yaɗa cutar, wato cin abinci kwano ɗaya, musabaha, cizon sauro da shiga bayi ɗaya. Wannan ɓangare yana da nauyi a wurin da yara ke kwana gefe da gefe, domin jita-jita guda ta isa a ƙaurace wa yaro mai ɗauke da cutar har ya daina karɓar maganinsa.

Ana kuma sanar da su cewa akwai maganin gaggawa da ake fara sha cikin sa'o'i 72 bayan fyaɗe ko sokewar allura, a ci gaba da shi kwana 28, kuma mai shan maganin rage kaifin cutar yadda ya kamata, har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Shirye-shiryen da suka fi tasiri ba sa tsayawa ga lacca. Sukan sa yara su gwada da bakinsu yadda za su ce a'a, yadda za su yi magana da saurayi ko budurwa, da yadda za su guji yanke shawara cikin maye. Tsoratarwa kaɗai ba ta cika kama yaron da ya riga ya ga abin tsoro iri-iri a titi ba.

Sakamakon ba koyaushe yake faranta rai ba. Shirin Imara, wanda Ralph DiClemente da abokan aikinsa suka gwada kan 'yan mata baƙaƙen fata da aka tsare a jihar Georgia, ya ƙara musu sani da ƙwarewar amfani da kwaroron roba, amma bai rage yawan kamuwa da ciwon sanyi ba. Bayan sallama yarinya kan koma unguwarta ta da, talaucinta na da, sau da yawa hannun namijin da ya girme ta.

Dokoki

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ba kowane yaro haƙƙin kula da lafiya, Ƙa'idojin Havana da Majalisar ta amince da su a 1990 kuma suka fayyace shi ga yaran da ke tsare. Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015, na Majalisar kan kula da fursunoni, sun ce lafiyar ɗan kurkuku a kula da ita daidai da ta mutumin gari, kuma kada maganin HIV ko na tarin fuka ya yanke. A 2013 hukumar UNODC, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu takwarorinsu suka fitar da matakai 15 na yaƙi da cutar a gidajen yari, ilimantarwa ce ta farko a cikinsu. Gwaji sai da yardar yaro, sakamakon kuma sirri ne da bai kamata ya kai kunnen gandiroba ba.

A Najeriya

Gwamnatin tarayya na da makarantun gyaran halin matasa a Kakuri da ke Kaduna, da Ilorin, da Abeokuta, jihohi kuma na da nasu gidajen kangararru. Binciken ƙasa na 2018 kan cutar ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na manya na ɗauke da ƙwayar, yayin da binciken da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa (NACA) da UNODC suka yi a gidajen yarin manya ya samu kashi 2.8. Wata dokar tarayya ta 2014 ta haramta tsangwamar masu cutar. Manhajar ilimin rayuwar iyali da HIV da aka shigar makarantu a 2003 ba ta riski yaron da ya bar aji ba, ga kuma yara da yawa da ake kai wa gidajen yarin manya saboda ƙarancin wuraren da aka ware musu. Matsala mafi tsanani tana ranar sallama: yaro kan fita ba takardar tura shi asibiti, ba maganin wata guda a hannu, ba kuma wanda zai bi sawunsa.