Rashin bacci

Rashin bacci shine mutum ya samu lokaci da wajen kwanciya amma baccin ya ƙi zuwa, ko ya zo ya dinga yankewa cikin dare, ko kuma mutum ya farka tun wajen ƙarfe uku ido ya bushe har a kira assalatu, sannan idan gari ya waye abun ya bishi cikin yini da kasala da ciwon kai da saurin fushi da mantuwa. Wannan sharaɗin na samun lokaci ba ƙaramin abu bane, dan mai gadi, ko nas ɗin da take diyutin dare, ko mai jego da jinjiri ke tashinta, su dama ce basu samu ba, da zasu samu waje su ɗan kishingiɗa minti biyar ma ya musu yawa. Mai rashin bacci kuwa ga gado ga gajiya ga dare, amma sai juye-juye.

Likitoci sun kasa shi gida biyu. Akwai na ɗan lokaci wanda kusan kowa ya taɓa yi, saboda jarabawa ko rasuwa ko bashi ko rikicin gida, shi da kanshi yake wucewa idan damuwar ta lafa. Sai kuma mai daɗewa, wanda ma'aunin da Kwalejin Likitocin Bacci ta Amurka ta fitar a 2014 yace sai ya kai dare 3 a sati, na tsawon wata 3 ko fiye, kuma yana taɓa harkokin mutum da rana. A ƙiyasi, wajen kashi ɗaya cikin uku na manya suna kuka da wasu alamunshi, amma masu irin mai daɗewar basu wuce kamar mutum 1 cikin 10 ba, kuma ya fi yawa a mata da tsofaffi.

Yadda bacci ke zuwa

A 1982 wani masani a Suwizalan mai suna Alexander Borbély ya kawo bayanin da har yanzu ake aiki dashi, cewa abu biyu ne ke haɗuwa su kawo bacci. Na farko yunwar bacci, wato tun daga lokacin da mutum ya farka wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, duk daɗewarka ido biyu yana ƙaruwa, idan kayi bacci ya ragu. Na biyu agogon jiki, wani ɗan gungun ƙwayoyi ne a can cikin ƙwaƙwalwa da ke karɓar labarin haske daga ido, idan duhu yayi sai ya bada umarni a saki wani sinadari mai suna melatonin, zafin jiki ya fara sauka, jiki ya gane dare yayi. Binciken yadda wannan agogon ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta shi ya jawo wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017, kuma a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi aikin.

Shi kanshi baccin ba a miƙe yake tafiya ba, zagaye ne na kamar minti 90, daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, ana yin 4 zuwa 6 a dare, kuma tsakanin zagaye da zagaye mutum kan ɗan farka ko bai tuna ba. Dan haka farkawa sau ɗaya ko biyu cikin dare ba ciwo bane. Maganar awa 8 ma ba farilla bace, abinda masana suka fi tsayawa a kai ga baligi shine awa 7 zuwa 9, wasu ƙasa da haka kaɗan ya ishe su, kuma wani bincike da aka buga a 2015 kan mutanen Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya, waɗanda ba lantarki a rayuwarsu, ya samu baccinsu na tsakanin kusan awa 6 zuwa 7 ne.

Abinda ke tayar dashi da abinda ke riƙe shi

Arthur Spielman, masanin bacci a Amurka, a 1987 ya raba dalilan gida uku. Akwai halitta, wani dama can baccinshi ba nauyi ko mai yawan tunani ne. Akwai abinda ya kunno matsalar, kamar rashin lafiya ko rasa aiki ko haihuwa. Sai na uku wanda ya fi kowanne muhimmanci, abinda ke riƙe matsalar bayan dalilin farko ya daɗe da wucewa, kuma abun mamaki yawanci dabarun da mutum ya ƙirƙiro ne dan ya taimaki kanshi.

Misali wanda jiya bai samu bacci ba, yau sai ya shige gado tun ƙarfe tara wai zai rama, alhali yunwar baccin bata taru ba, sai ya kwashe awa uku yana kallon silin yana lissafin awa nawa suka rage, bayan sallar asuba ya koma har goma, da rana ya danna shayi mai kauri ko goro dan ya iya aiki, da yamma gyangyaɗi ya ɗauke shi a kujera, dare na yi kuma ido tar. A haka a haka ƙwaƙwalwa take koyon cewa gado wajen tunani ne da fargaba, shi yasa zaka ga mutum yana zuba gyangyaɗi a falo gaban talabijin amma yana sa kai a filo baccin ya watse. Bacci kuma ba'a kamo shi da ƙarfi, duk yadda ka matsa sai zuciya ta ƙara bugawa.

Ɗabi'un yau da kullum

Mafi ƙarfi a cikinsu shine tsayar da lokacin tashi, kullum lokaci ɗaya har Asabar da Lahadi, ko da daren bai yi daɗi ba, sannan a fita a samu hasken safiya, dan da wannan hasken agogon jiki ke saita kanshi. Mai tashi sallar asuba ya riga ya samu rabin wannan a kyauta tunda lokacin asuba a ƙasar Hausa baya wani motsawa sosai a shekara, inda matsalar take shine lissafi, wanda zai tashi ƙarfe biyar idan yana son awa 7 toh goma ya kamata ta same shi a kwance, ba sha biyu da rabi a majalisa ba. Hadisin Abu Barza da Bukhari ya ruwaito ya nuna Annabi (SAW) baya son bacci kafin isha'i da hira bayanta. A watan azumi tsarin kan birkice gaba ɗaya saboda sahur da sallar dare, wasu sai su ɗau sati ɗaya ko biyu bayan sallah kafin su dawo daidai, kuma da lokacin tashi ake gyarawa ba da lokacin kwanciya ba.

Sai kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi mai wartsakar da mutum. Aikinshi toshe wajen da adenosin ke kamawa ne, gajiyar na nan amma ƙwaƙwalwa bata ji. Jiki na ɗaukar kamar awa 5 kafin ya fitar da rabinshi, ga mai juna biyu ya fi haka nesa ba kusa ba, kenan kofin Nescafé na la'asar har sha ɗayan dare saura nan a jini. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage bacci da sama da awa ɗaya. Mutane da yawa da an ce kafeyin sai su ce ai su basa shan kofi, sun manta goro, wanda kafeyin ɗin cikinshi ya kai wajen kashi 2 cikin 100 ko fiye, kusan kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar kofi, ga shayin buta da samari ke dafawa a majalisarsu ta hira a Nijar zagaye uku har tsakar dare, ga Lipton ɗin mai shayi, ga lemon kwalba masu kola da lemukan ƙara kuzari. Dattijon da ke kukan bacci ya ƙaurace mishi kuma ga goro a aljihu yana ɓantara har bayan isha'i, daga nan ya kamata a fara. Taba ma nikotin ɗinta mai wartsakarwa ne, giya kuma tana saurin kayar da mutum amma ta farfasa baccin ƙarshen dare.

Ƙailula abu ne mai kyau idan gajeriya ce, minti 20 zuwa 30 wajen azahar, amma wanda darenshi ya riga ya lalace gara ya ajiye ta tukuna har ya daidaita, dan tana cinye yunwar baccin da yake buƙata da dare. Baccin bayan la'asar ya fi kowanne ɓarna.

Waya ana yawan ɗora laifin a kan haskenta, kuma gaskiya haske mai ƙarfi da dare na jinkirta melatonin, amma a nawa ganin abinda ke cikinta ya fi hasken illa, musu a guruf ɗin WhatsApp, bidiyon TikTok da baya ƙarewa, labarin tashin hankali ƙarfe ɗayan dare, balle garaɓasar datar dare da ke sa matasa zama har asuba. A sa ta a chaji nesa da gado, a daina duba lokaci idan an farka.

Zafi kuma babbar magana ce tunda jiki sai ya sauke zafinshi kafin bacci ya kama. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40 da rana, kwano da bango su riƙe zafin har dare, ga ba wuta balle fanka. Watsa ruwa kafin kwanciya na taimakawa, haka kaya marasa nauyi, haka kwana a tsakar gida cikin gidan sauro inda tsaro ya bari. Janareta kam kar a kuskura a kwana dashi a ɗaki ko a rufaffen lungu kusa da taga, iskar da ke cikin hayaƙinshi bata da wari kuma tana kashe mutane cikin bacci. Tuwo mai nauyi ko yaji dab da kwanciya na tada ƙwannafi, shan ruwa da yawa na tada mutum fitsari, motsa jiki da rana ko tafiyar ƙafa ce kawai yana ƙara nauyin bacci.

Idan ya riga ya daɗe

Waɗannan ɗabi'un sun fi amfani wajen rigakafi da ƙaramar matsala, su kaɗai basu cika warkar da mai daɗewa ba. Abinda Kwalejin Likitocin Amurka ta ce a fara dashi tun 2016, kafin ƙwaya, shine tsarin gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT-I, yawanci zama 4 zuwa 8. Ginshiƙi ɗaya Richard Bootzin ne ya tsara shi a 1972: kar ka kwanta sai kana jin bacci, gado na bacci ne da iyali kawai, idan ka kai kamar minti 20 bai zo ba ka tashi ka zauna wani waje cikin haske kaɗan kana abu mai sanyi kamar lazimi ko karatu, sai ya fara fizgarka ka koma, ko sau nawa ne. Mai ɗaki ɗaya ya sauko kan tabarma ko kujera, ya wadatar.

Ginshiƙi na biyu na Spielman ne kuma ya fi wuya, a taƙaita zaman gado ya zo daidai da baccin da ake samu. Wanda ke kwanciya awa 9 yana samun 6, sai a bashi awa 6 kacal, ba'a dai sauka ƙasa da 5, satin farko zai sha wuya amma yunwar baccin zata taru ya fara yin mai nauyi a haɗe, idan bacci ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin kwanciyar sai a dinga ƙara minti 15 duk sati. Mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke sa hankali ya hau sama ya sauko, da direba, kar su gwada wannan sai da likita. Maganar direba ba wasa bace, wani bincike a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya kai awa 17 ido biyu hankalinshi na raguwa kamar na mai giya kashi 0.05 cikin 100 a jini.

Magunguna

Ƙwayoyi irin diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da Lexotan da zolpidem suna sa bacci, amma na 'yan kwanaki ne a hannun likita, dan jiki na sabawa a koma neman ƙari, idan an daina kwatsam kuma rashin baccin ya dawo fiye da da, wani har da jijjiga, tsofaffi kuma suna sa su jiri da faɗuwa. Piriton da ake siya a kemis maganin mura da ƙaiƙayi ne, baccinshi na 'yan kwanaki ne ya daina aiki ya bar mutum da nauyin kai. Maganin tari mai kodin da wasu ke fakewa da rashin bacci suna sha, gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo dashi tun Mayun 2018. Melatonin na kwalba ya fi amfani ga wanda agogonshi ya goce, kamar matafiyin da ya tsallaka ƙasashe masu bambancin lokaci.

Wani lokacin kuma rashin baccin alama ce ta wani ciwon daban, ciwon damuwa musamman idan ana farkawa tun kafin asuba da baƙin ciki, asma, ciwon gaɓoɓi, yawan fitsarin dare na ciwon suga ko kumburin mafitsarar dattawa, zafin jikin matan da al'ada ke ɗauke musu, ƙafafu masu tsikari da sai an motsa su wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke kawowa, har da wasu magunguna irin prednisolone. Wanda matarshi ta ce minsharinshi na yankewa numfashi ya tsaya sannan ya zabura yana haki, kuma yana wuni da gyangyaɗi, wannan toshewar numfashi ce ta cikin bacci, tana da alaƙa da ƙiba da hawan jini, kuma ƙwayar bacci na iya ƙara mata muni, asibiti zai je a duba shi ba kemis ba.