Waiwaye: Ɗan koyo da manhaja za su iya kayar da manhaja ita kaɗai a darar ces?

A majalisun matasan Katsina masu buga darar ces a waya, daga Ƙofar Ƙaura har ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: idan ɗan koyo ya haɗa kai da manhaja, zai iya kayar da manhajar da ke wasa ita kaɗai? Masu cewa zai iya suna da hujja, sai dai hujjar ta kwana biyu.

Maganar ta samo asali ne a 1997, lokacin da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a New York da ci 3½ da 2½. A 1998, a garin León na Sifen, Kasparov ya kara da wani babban gwanin ces, Veselin Topalov, kowa da kwamfutarsa a gefe yana tuntuɓa. Aka tashi 3 da 3, alhali wata guda kafin nan ya lallasa Topalov 4 da nema a wasan gaggawa, ba tare da kwamfuta ba.

Abin da ya girgiza masana ya faru ne a 2005, a wata gasar intanet ta dandalin Playchess, inda aka bar kowa ya shigo da abin da yake da shi, mutum ko na'ura. Manyan gwanaye sun shiga, haka ma Hydra, katafariyar kwamfutar Abu Dhabi. Amma kofin sai ya tafi hannun wasu 'yan koyo biyu daga jihar New Hampshire ta Amurka, masu lakabin ZackS, da kwamfutoci uku irin na gida. Ba su fi kowa iya dara ba. Sun dai san halin kowace manhaja, wacce ke gani nesa idan wasa ya rincaɓe, wacce ke ruɗewa idan fili ya cushe. In manhajojin suka saɓa, sai su tsananta bincike a daidai wurin. A ganina wannan aiki ne na gaske, irin na makiyayin da ya san halin kowace saniya a garkensa.

To amma manhajojin lokacin suna da makantar da ɗan Adam ke iya ganowa, yanzu kuwa ta ragu ƙwarai. A 2017 manhajar AlphaZero ta kamfanin DeepMind, wadda ta koya wa kanta wasan, ta buga wasa 100 da Stockfish, ɗaya daga cikin manhajojin ces mafiya ƙarfi: ta ci 28, canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. A 2020 ita ma Stockfish ta rungumi irin wannan fasaha. Makinta a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa ya haura 3500, shi kuwa Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, iyakarsa 2882, a 2014. Ɗan koyon da ya ce zai gyara mata taku a yau, galibi ɓata mata zai yi.

Ko a gasar ces ta wasiƙa ta ƙungiyar ICCF mai shirya irin wannan gasa a duniya, inda aka halatta manhaja kuma ake kwanaki ana nazarin taku ɗaya, yawancin wasannin manya canjaras ake tashi. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da ke kwafar takun Stockfish suna bugawa da abokan hamayya a intanet, suna kafa hujja da labarin 2005. Waccan gasa ta yarda da na'ura a fili. A wasan yau da kullum na dandalin Lichess ko Chess.com kuwa maguɗi ne, kuma ana hukunta duk wanda aka kama.