Mene ne "hajzi" a kan albashi, kuma yaya ake sauke shi?

Ranar da albashi ya shiga, ƙanen wani abokina da ke tuƙa motar kamfani a Jidda ya same mu a wajen mai shayi yana ta jujjuya waya a hannu. Riyal 4,500 ake biyansa, amma 3,000 kaɗai ya iya taɓawa. "Yaya, banki sun cinye mini kuɗi," in ji shi. Yayan ya karɓi wayar, ya karanta saƙon a tsanake, ya ce, "Ba banki ba ne, ƙanena. Hajzi aka yi maka."

Kalmar Larabci ce, hajz, bakinmu ya ƙara mata wasali a ƙarshe kamar yadda ya yi wa kafili, wato uban gidan da iznin zaman baƙo ke ƙarƙashinsa. Asalin ma'anarta tsarewa ko keɓewa, shi ya sa ko kujerar jirgi ka kama sai a ce ka yi hajzi. A bakin kotu kuwa, ana nufin alƙali ya ba da umarni a riƙe wani abu daga dukiyar wanda ake bi bashi domin a biya mai bin sa. In aka ce hajzi a kan ratib, to albashi ne ake gutsura duk wata tun kafin ya kai hannun mai shi.

Mai wannan aiki a Saudiyya ita ce Mahkamatut Tanfiz, kotun zartar da hukunci, bisa dokar da aka fitar a 1433 Hijira, wato 2012. Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne sau da yawa babu wata doguwar shari'a kafin nan. Akwai takardun da doka ta ɗauke su tamkar hukuncin da aka riga aka yanke: cek, da sanad li amr, takardar alkawarin biyan kuɗi da ake turo wa mutum ya sa hannu in zai ɗauki mota ko waya a biya kaɗan-kaɗan, har da yarjejeniyar hayar gida da aka yi wa rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya. Mai bin bashi zai shiga manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a ya kai takardarsa, shi ke nan an buɗe fayil. Wanda ya tsaya wa wani ma ba ya tsira, in dai hannunsa na kan takardar.

Daga nan sai lambobi biyu da za ka ji suna yawo a bakin mutane daga Shara Mansur har Misfala a Makka, 34 da 46, kuma sassan dokar ne. Na 34 sanarwa ce, a ce maka ga abin da ake bin ka. In kwana biyar suka wuce da isar sanarwar ba ka biya ba, sai 46 ta hau kanka: a hana ka fita ƙasar, a binciko asusunka da kadarorinka, a sanar da masu ajiye tarihin bashi irin su SIMAH. Dokar na kiran irin wannan mutum mumaɗil, mai jan ƙafa wajen biya, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Har gobe wasu na haɗa wannan duka su kira shi iƙaf khadamat, wato tsayar da hidimomi, alhali tun Janairun 2020 ministan shari'a Walid al-Sam'ani ya cire tsayar da hidimomin gwamnati daga hukuncin wannan kotu, abin da ya rage shi ne hana mu'amalar kuɗi.

Ba a kwashe albashi gaba ɗaya. Sashe na 21 ya sa iyaka: bashin da ba na ciyarwa ba, sulusi; bashin nafaƙa, wato ciyar da mata da 'ya'ya, rabi. In biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya, nafaƙa ta ɗauki rabi, sauran masu bashi su raba sulusin rabin da ya rage. A albashin 4,500 ke nan 2,250 na nafaƙa, 750 na sauran, mai gumi ya tashi da 1,500. Gidan da mutum ke zaune da iyalinsa da abin hawansa da kayan sana'arsa su ma doka ta kare su, sai fa in an jinginar da su ga mai bashin.

To, yaya ake sauke shi? A nan ne nake ganin mutane sun fi yin ɓatan kai. Wani ya je ya yi ta hayaniya a banki, wani ya roƙi kafilinsa, alhali babu mai ikon kwance abin da alƙali ya ɗaure sai kotun da kanta. Kowane fayil yana da lambar biya ta SADAD, irin wadda ake biyan kuɗin wuta da ita. In ka biya cikon bashin ta wannan lamba, kuɗin ya shiga fayil kai tsaye, sai a ɗage umarnin. Amma in ka ƙirga wa mai bin ka kuɗi hannu da hannu saboda kun saba ko kuna sallah a masallaci ɗaya, kotu ba ta gani ba. Sai shi ya shiga Najiz ya rufe buƙatarsa, ko kai ka kawo shaidar biya. In ya yi tafiya ko ya yi ƙememe, sulusinka zai ci gaba da tafiya.

Wanda bai da kuɗin a dunƙule yana iya neman sulhu, mai bashi ya ba shi muhla, wato wa'adi, a rubuta a fayil. Wanda ya tsiyace ƙwarai kuma akwai ƙarar i'isar, inda alƙali zai binciki ko da gaske babu.

Hanyar da ba na so wa kowa ita ce ta masu manna lambar waya a jikin na'urar cire kuɗi suna cewa za su biya maka bashinka. Za su biya ɗin, amma sai ka sa hannu a sabon sanad li amr da ya fi na da nauyi, ko ka ciyo sabon bashi a banki su yanki rabonsu. An gudu ba a tsira ba. Babban bankin Saudiyya ya sha gargaɗi a kan mu'amala da marasa lasisi irin waɗannan.

Shi dai yaron namu kuɗin haya ne ya taru masa, riyal 18,000, wanda a sulusi-sulusi sai ya shekara cur ana cira. Yayansa ya roƙi 'yan adashinsu suka ba shi kwasar farko, wata gwaggonsu da ke Makka ta cika sauran. A gabanmu ya buga lambar SADAD ɗin, ya karanta ta sau biyu da ƙarfi kafin ya danna, sannan ya ɗauki hoton rasiɗin ya tura wa yayan da gwaggon.